Shawara Ga Masu Niyyar Ziyartar Gonakin Gahawa A Tsaunin Mambila

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da masu shirin bulaguro a hutun ƙarshen shekara, musamman waɗanda suka sa niyyar hawa tsaunin Mambila da ke ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba. Akasarin masu zuwa can ganyen shayi ne yake kai su: su tsaya a Kakara inda ake sarrafa Highland Tea, su ɗauki hotuna a tsakiyar gona, su juyo. Ba laifi ba ne, amma a ganina wanda ya sha wannan doguwar hanya ya sauko bai taka gonar gahawa ba, ya bar rabin abin da ya je gani.

Tudun Mambila yana da tsayin kimanin mita 1,600 daga doron teku, kuma a wannan yanki ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya kai mita 2,419, babu wanda ya fi shi tsawo a Najeriya. Wannan tsayi da sanyin da ke tare da shi su ne suka sa gahawa nau'in arabika, wadda asalinta daga tsaunukan Habasha ne, take yi a can, alhali ba ta jure zafin ƙasar kwari. Shi ya sa ma cibiyar binciken koko ta ƙasa take da reshe a Kusuku, inda ake nazarin shayi da gahawa. Noman ya ja baya tun da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, sannan farashin gahawa ya faɗi a kasuwar duniya a 1989 bayan wargajewar tsarin ƙayyade abin da kowace ƙasa za ta fitar. Manoma da dama sun yi watsi da bishiyoyinsu, amma har yanzu akwai waɗanda suka riƙe nasu a bayan gida da ƙananan gonaki, galibi a inuwar ayaba. To, waɗannan ba a bakin titi suke ba, kuma babu allon da zai nuna wa baƙo inda suke, don haka sai an shirya.

Abu na farko shi ne lokaci. Damina a Mambila tana da tsawo, takan fara tun kafin ta sauka a Kano ko Sakkwato, kuma ba ta ɗaukewa sai wajen Oktoba ko Nuwamba. A tsakiyarta hanyoyin ƙauyuka sukan zama taɓo mai santsi, hazo kuma yakan rufe tudu har direba ya kasa ganin gabansa. Wanda ya je daga Nuwamba zuwa Janairu ya dace ta fuska biyu, domin hanya ta bushe, kuma a daidai lokacin ne ake tsinkar gahawa. Aikin da hannu ake yin sa, ana zaɓar 'ya'yan da suka yi ja a bar kore sai wani zagaye, saboda ba sa nuna a tare ko da a reshe guda ne. Daga nan wasu su ɓare ɓawon, su jiƙa ƙwayar ta kwana, su wanke, su shanya. Wasu kuwa su shanya ɗan gaba ɗaya a rana har ya bushe kafin a sussuke. Mai son ganin furen kuwa, wanda fari ne fat mai ƙamshi, sai ya jira ruwan farko, amma ya sani cewa 'yan kwanaki kaɗan yake yi ya zube.

Sai batun hanya, wanda nan ne mutane suka fi yin sakaci. Daga Jalingo ana bi ta Bali zuwa Serti, sannan Mayo Selbe, inda hawan yake farawa a kan titi mai yawan kwana, gefe guda dutse gefe guda rami, har a ɓulla Maisamari, a wuce Nguroje, a isa Gembu. A ware wa wannan tafiya yini cur, a yi sammako, kuma kada a yarda magariba ta riski mutum a kan hawan. A kai mota wurin bakanike ya duba birki da tayoyi tun daga gida, a cika tanki kafin a bar Serti. Saukowa ta fi hawa haɗari, domin direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar hanya yakan dogara da birki har ya ɗauki zafi ya ƙi kamawa, maimakon ya sa ƙaramar giya ta riƙe masa motar. Wanda bai taɓa tuƙi a kan tsauni ba, gara ya ajiye girman kai ya shiga motar haya ta direbobin da ke bin hanyar kullum.

A tafi da rigar sanyi da bargo da takalmi rufaffe, don sanyin asubahin can ya wuce wasa. A riƙe tsabar kuɗi, tun da ba ko'ina ake samun sabis na waya ba, a kuma ɗauki katin shaida saboda yankin yana kan iyaka da Kamaru kuma akwai shingayen bincike. Game da tsaro, a tambayi mutanen wurin halin da ake ciki kafin a tashi.

Idan an isa, kada a faɗa gonar mutum kai tsaye da kyamara a hannu. A nemi ɗan gari ya yi jagora, a fara gaida jauro ko mai unguwa, a nemi izinin mai gona, kuma kada a tsinki ko ɗa ɗaya sai ya ce a tsinka. Hausa tana biyan buƙata a kasuwa, amma gaisuwa da Fulatanci, wanda shi ne harshen da ya haɗa ƙabilun tudun, takan buɗe ƙofa da sauri. Ƙananan hanyoyin gonaki sai babur, don haka a daidaita da ɗan acaɓa a kan kuɗin yini tun da safe.

Ina kuma shawartar kowane baƙo ya sayi gahawa daga hannun manomin, ko da mudu ɗaya ne, ba tare da matsa masa a ciniki ba. A zaɓi ɗanyar ƙwaya wadda ta bushe sarai, marar warin fumfuna da hujin ƙwari, a zuba a buhun da iska ke shiga, domin ta fi soyayyiyar ƙwaya daɗewa, kuma ana iya soya ta kaɗan-kaɗan a kasko a gida. Daga ƙarshe ina roƙon Edita ya tura wakilinsa Gembu a wannan kaka, ya ji ta bakin manoman kansu game da farashi da masu saye, a buga mana mu karanta.

Na gode.

Naku,
Mai karatu daga Jalingo.