Wasiƙa daga Freiburg: Ranar da Aka Yi wa Aristotal Linzami

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Nan Jamus sanyi ya fara cizo, amma alhamdu lillahi.

Kai da kullum kake tsokanar angwaye da "mijin ta ce", ga labari na kawo maka. A gidan tarihin Augustiner da ke nan Freiburg akwai wani dogon ƙyalle mai ɗinkin ado da zaren ulu, kusan mita 5, wanda aka yi wajen shekarar 1320. Jerin hotuna ne na manyan maza da mata suka kayar. Ga Dalila tana yi wa Samsun, jarumin da ƙarfinsa ke cikin gashinsa, aski, ga mawaƙin Rum Birjil a rataye cikin kwando jikin hasumiya, budurwar da ta yi alkawarin jawo shi ɗakinta ta bar shi a tsakiya, gari ya waye ana yi masa dariya.

Wanda ya fi tsayar da ni Aristotal ne, masanin falsafar nan na Girka. Labarin ƙagagge ne, Faransawa suka rera shi a ƙarni na 13. Wai malamin ya yi wa ɗalibinsa Sarki Iskandar Mai Girma faɗa cewa mace ta shagaltar da shi daga mulki. Ita kuwa macen, mai suna Filis, ta ƙulla. Da sassafe ta shiga lambu ba takalmi, gashi a sake, tana waƙa ƙarƙashin tagar tsohon. Dattijo ya ajiye littafi. Ta ce sai dai ya yi rarrafe ta hau bayansa tukuna. Ya yi! Ga linzami a baki, ga Iskandar yana kallo. Da aka ritsa shi, wai sai ya ce: ka gani ko? In ta yi wa tsoho haka, ina kai yaro?

Masu wa'azi sun ɗauki labarin don jan kunne kan makircin mata, har mai zane Bajamushe Hans Baldung ya sake zana shi a 1513. Ni dai na duba na sake dubawa, ban ga inda aka tilasta wa malam durƙusawa ba. Da gwiwoyinsa ya sauka. Abin da ya fi ba ni dariya ma, ƙyallen a gidan mata masu zaman ibada na Adelhausen aka ajiye shi. Ko su gargaɗi suke gani a ciki ko abin nishaɗi, ka yanke hukunci da kanka.

Ka karanta wa uwargida wannan, in kana da ƙarfin hali. A gaishe min da ’yan majalisa, kuma ka sanar da ni yadda girbin bana ya kasance.

Naka har kullum,
Amininka