Wasiƙa Kan Tsara Insha'in Adabin Ingilishi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga amsar tambayarka kan yadda ake tsara insha'in adabin Ingilishi a jarrabawa.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne maimaita labarin littafin. Mai duba takardarka ya riga ya karanta littafin, hujja yake nema. Don haka kafin ka ɗora alƙalami, ka amsa tambayar insha'in a jimla ɗaya wadda wani zai iya musantawa. In ka ce akwai jini da yawa a wasan kwaikwayon Macbeth na marubuci Shakespeare, ba ka ce komai ba. Amma in ka ce Shakespeare ya yi amfani da jini ya nuna yadda nauyin laifi ya tashi daga kan miji ya koma kan matarsa, to ka sami abin karewa. Wannan jimlar ita za ta rufe gabatarwarka, kuma layi huɗu ko biyar sun ishi gabatarwa. Tarihin marubuci ba wurinsa ba ne.

Gangar jikin insha'in sakin layi uku ko huɗu ne, kowanne da magana ɗaya tak. Ka faɗi maganar, ka kawo shaida daga littafin, sannan ka tsaya ka warware ta. Nan maki yake, nan kuma aka fi yin gaggawa. Duba Kashi na 2, Fitowa ta 2: bayan Macbeth ya kashe Sarki Duncan, yana ganin ruwan teku ma ba zai wanke hannunsa ba, matar kuwa ta ce ɗan ruwa ya isa. A Kashi na 5, Fitowa ta 1, ita ce ke yawo cikin barci tana murza hannu. Jera wuraren biyu, ka bayyana abin da ya sauya da dalilinsa. Abin da za ka ɗauko daga littafin kada ya wuce 'yan kalmomi, ka saƙa su cikin jimlarka, bayaninka ya ninka su tsawo sau biyu ko uku.

A ganina, sakin layin da ya kawo wata fahimta saɓanin taka, ya kuma amsa ta, ya fi kowanne ƙarfi.

Kammalawa ta zama gajera, ba sabuwar shaida. In minti 45 aka ba ka, ware biyar na tsarawa, biyar na bita.

Ka turo mini jimlar matsayinka tukuna kafin ka rubuta sauran. A gaida mutanen gida.

Naka amini.