Zuwa ga aminina a Kumasi, kan zamunnan Spider-Man

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya Kumasi, yaya kasuwa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. 'Yan majalisarmu duk suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso, kuma na ga har yanzu kana nan kan bakanka cewa Spider-Man bai taɓa yin zamani irin na Todd McFarlane ba. Ba na raina mutumin. Da ya karɓi zanen mujallar The Amazing Spider-Man, mai ba da labarin jarumin cikin hotuna, a 1988 ya zo da abin da ido bai saba gani ba: manyan idanu a fuskar rigar, jiki a lanƙwashe ta yadda ba ɗan Adam da zai iya, yanar gizonsa kuma a murɗe kamar igiyar guga. A hannunsa mugun nan Venom ya bayyana sosai a fitowa ta 300, kuma sabuwar mujallar da aka ba McFarlane a 1990 ta sayar da kwafi fiye da miliyan biyu a fitowar farko. Amma zane ne ya ɗauki zamanin nan. Idan na rufe littafin, hotunan nake tunawa, abin da ya sami Peter Parker, wato Spider-Man ɗin kansa, kuwa sai na yi ta lalube.

Ni dai ina wajen Steve Ditko, wanda ya ƙirƙiro jarumin tare da Stan Lee a 1962, ya zana shi har fitowa ta 38 a 1966. Peter na lokacin maraya ne siriri a unguwar Queens, baffansa Ben ya rasu saboda ɓarawon da shi Peter ya ƙi tarewa, ga matar baffan, May, tsohuwa mai yawan ciwo, ga kuɗin gida. A fitowar farko ma ya je wurin ƙungiyar jarumai ta Fantastic Four neman aiki don albashi, suka ce ba sa biya. Aka rubuta masa cak da sunan Spider-Man, banki ya ƙi ba shi kuɗin don ba shi da shaidar cewa shi ne. Abincinsa kuma yana hannun Jonah Jameson, mai jaridar da ke zaginsa kullum. Wannan talaucin da nauyin gida su ne suka sa na ɗauke shi ɗan'uwa.

Ka nemi fitowa ta 31 zuwa ta 33. May tana kwance asibiti rai a hannun Allah, sanadin kuwa jinin da Peter ya taɓa ba ta ne, mai ɗauke da gubar da ta ba shi ƙarfi. Maganin da zai cece ta wani abokin gabarsa, Doctor Octopus, ya sace, kuma a maɓoyarsa ta ƙarƙashin ruwa wasu manyan ƙarafa suka danne Peter, rufi yana yoyo, maganin yana gabansa hannu bai kai ba. Ditko ya ɓata shafuka yana nuna yaron yana fama, yana karaya, yana tuna baffansa, yana sake yunƙurawa, hotunan suna ƙara girma har na ƙarshe ya cinye shafi guda. Babu abokin faɗa a wurin, babu naushi, amma ban san wani wuri a tarihin mujallar da ya kai nan ba.

Na san da yawa sun fi son zamanin John Romita da ya biyo baya, kuma suna da hujja. Shi ya mai da Peter kyakkyawan saurayi, shi ya fara nuna fuskar Mary Jane, wadda Peter zai aura daga baya, a fitowa ta 42. A 1971 aka buga labarin illar ƙwaya a fitowa uku a jere ba tare da hatimin hukumar tace mujallun ba, don ta ƙi amincewa. Sai 1973, fitowa ta 121, Gerry Conway yana ɗan shekara ashirin ya rubuta mutuwar Gwen Stacy, budurwar Peter. Abokin gabarsa Green Goblin ya jefo ta daga kan gada, Peter ya cafko ta da yanar gizo, ya jawo ta sama ya tarar ta cika. Kafin nan masu karatu sun saba jarumi yana isowa a kan kari.

Akwai kuma masu son zamanin marubuci Roger Stern, na farkon shekarun 1980. Mugun nan Hobgoblin nasa ne, haka ɗan gajeren labarin nan na fitowa ta 248, inda Spider-Man ya ziyarci wani yaro mai tara hotunansa, ya cire masa abin rufe fuska, sai a ƙarshe muka gane yaron sankarar jini ce ke cinsa, kwanansa sun ƙare.

Inda nake so mu yi magana sosai shi ne aure. Peter ya auri Mary Jane a 1987, auren ya yi shekara ashirin, kuma zamanin naka ma a cikinsa yake. An sha wahala a tsakiya, musamman rikicin Ben Reilly na 1994 zuwa 1996, da aka yi ta ja har aka ce wai Peter ɗin da muka sani kwafi ne, shi Ben Reilly ne na ainihi. Amma da Straczynski ya karɓi rubutu a 2001 sai ga Peter magidanci, malamin kimiyya a makarantar da ya yi, May kuma ta gano sirrinsa suka zauna suka yi magana ta manya. Kai da ke ƙasar Ashanti, a zamanin nan ne aka danganta ƙarfinsa da Anansi, gizon tatsuniyoyin mutanen da kake zaune cikinsu.

Sai 2007 aka sa shi ya yi ciniki da Mephisto, wani shaiɗani, ya ba da aurensa don May ta rayu. Babban editan lokacin, Joe Quesada, bai ɓoye ba cewa yana ganin aure ya tsufar da jarumin. Wannan ya yi min ciwo ƙwarai. Yaron da ya ɗaga ƙarafan nan don ya ɗauki alhakin abin da ya jawo, shi ne aka sa ya nemi mafita wurin shaiɗan, aka mai da shi gwauro kamar shekarun ba su wuce ba. Shi ya sa na yi murna da sabon jerin Jonathan Hickman na 2024, inda Peter yake da mata da 'ya'ya biyu, ko da yake a wata duniya daban aka ajiye shi.

Idan ka karanta ukun nan na Ditko ka rubuto min ra'ayinka, ko da bai zo daidai da nawa ba. Ka gaida uwargida da yara, da Alhaji mai gidanku. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
amininka na Kano