Kitsen Cikin Tsoka Tun Daga Maraƙi Ake Nemansa

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana da 'yan'uwana masu kiwon turka na gida Arewa, waɗanda shanunsu muke karɓa a nan Legas.

Fawa ce sana'ata, gadonta na yi, ko da yake na ɗan taɓa karatun kimiyyar dabbobi kafin in dawo kan wuƙa. A mayankar Oko-Oba da ke Agege nake yanka, ina kai wa wasu otal-otal na Ikoyi da Victoria Island. Abin da masu girkinsu ke nema shi ne naman da kitse ya ratsa cikin tsokarsa, zare-zare fari a cikin ja, don shi ke yin taushi da garɗi a kan wuta. Kullum dillali zai dafa sa ya ce mini, "Alhaji, wannan wata uku yana cin dusa, duba tozo!" Kuma ba ƙarya yake yi ba. Sai an feɗe ka ga ƙoda ta nutse cikin kitse, tumbi ya lulluɓe, amma ka yanka naman gadon baya ka tarar da shi ja wur, ko ɗigon fari babu.

Dalili shi ne jikin dabba ba ya zuba kitse ko'ina lokaci guda. Yakan fara da kewayen ƙoda da kayan ciki, sannan ƙarƙashin fata da tsakanin manyan tsokoki. Na cikin tsokar kanta shi ne auta, sai kowa ya ƙoshi yake samu.

Shi kuma kitse ba haka yake kwance sakaka ba. A cikin wasu ƙananan ƙwayoyin halitta yake, kowace da ɗigon mai guda a cikinta, tana kumbura gwargwadon abin da aka zuba mata. Kamar rumbuna suke: komai yawan hatsin da ka noma, iya rumbunan da ka gina za ka cika. Yawancin waɗannan ƙwayoyi na cikin tsoka suna samuwa ne tun maraƙi na cikin uwarsa a watannin ƙarshe, har zuwa kimanin kwana 250 da haihuwa. Bayan nan samuwar sababbi sai ta ja baya ƙwarai, cika tsofaffin kawai ake yi. Wani abin da ya shafe mu mahauta kai tsaye shi ne, tushen ƙwayoyin kitsen nan ɗaya ne da na ƙwayoyin da ke saƙa tantani da zaren nan mai tauri a cikin nama, wato wadda ba ta zama ta kitse ba tana iya zama ta tauri. To, a duba yadda muke yi: saniya mai ciki ta ƙare rani da bazara tana lasar kara, ta haihu ƙashi da rai, a tatse nonon a kai kasuwa, maraƙi ya tashi a wahale. Bayan shekara huɗu ko biyar a ɗaure shi a turke a ce ya yi kitsen da ba a gina masa wurin ajiyarsa ba.

Irin abincin ma da magana. Ciyawa da harawa, idan ƙananan halittun da ke rayuwa a cikin tumbi suka narkar da su, galibi sinadarin asitet suke bayarwa, wanda kitsen ƙarƙashin fata ya fi so. Ƙwayoyin kitsen cikin tsoka kuwa sun fi karkata ga sukarin jini, shi kuma hanta ke haɗa shi daga abin da masara da dawa suka bayar. Sai dai a bi a hankali. Na san wanda ya zuba wa sansa hatsi cike da kwano rana ɗaya, tumbi ya yi tsami, washegari wuƙa aka bi shi da ita.

Kada a ce na manta da iri. Shanunmu masu tozo, Bunaji da Bokolo da Rahaji, ba su kai shanun Turai saka kitse a tsoka ba, balle Wagyu na Japan da kitsen tsokarsa kan haura kashi 30 cikin 100. Ba zan yi wa kowa alkawarin wannan ba. Amma a cikin namu ma akwai bambanci: karsana da san da aka fiɗiye tun yana ƙarami sun fi bijimi, wannan duk mahauci ya sani.

Masu kilishi, na san ku wannan ba damuwarku ba ce, jan nama zalla kuke so, kuma da gaskiyarku.

Roƙona ga masu turka a Potiskum da Wudil da Maigatari: a raba buhunan dusa da anguryar nan, wani kaso ya tafi ga saniya mai ciki a bazara da maraƙin da ake shirin yayewa. Mu ma 'yan kara a nan Agege da namu laifin, tunda har yau da ido da tudun tozo muke yanka farashi. Ni dai duk wanda ya kawo mini san da ya san yadda aka rene shi tun yana maraƙi, a shirye nake in ƙara masa a kan kuɗin kara, in an feɗe mu duba naman gadon bayan tare.

Naka,
Wani mahauci, Agege, Legas