Wasiƙa zuwa ga aminina a kan tsohuwar a-kori-kura

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Wasiƙarka ta iso hannuna, na kuma yi murna ƙwarai da jin cewa ka sayi tsohuwar a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux mai injin fetur, kana da niyyar farfaɗo da ita da hannunka a ranakun hutu. Shekara uku ke nan ina ɗawainiya da tawa, ƙirar 1986, kuma har yau babu abin da ke kwantar mini da hankali bayan gajiyar mako kamar in ɗaga bonet in tsaya ina sauraron injinta.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai cikin wasiƙar, shi ne inda ka ce za ka fara da gyaran bodi da fenti domin motar ta yi kyan gani. Ina roƙonka ka dakata. Fenti shi ne aikin ƙarshe, domin duk abin da zai kashe tsohuwar mota, ko ya jefa mai tuƙa ta cikin haɗari, yana can inda ido ba ya kaiwa, kuma sabon fenti ba ya jure wa walda da cire inji da zubar man birki, wanda shi kansa yana cinye fenti.

Ka fara da shasi, wato ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da bodi da inji. Ka wanke ƙarƙashin motar sosai, ka ɗaga ta, ka kafa mata ƙafafun ƙarfe masu ƙwari, kada ka taɓa shiga ƙarƙashinta tana tsaye a kan jak kaɗai. Daga nan ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi shasin daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya yana da amo, wanda tsatsa ta cinye kuwa sautinsa a dushe yake, wani lokaci ma gudumar ce za ta burma ciki. Shasin irin waɗannan motoci rufaffe ne kamar bututu, laka da ruwa suna shiga su kwanta a ciki, saboda haka tsatsar daga ciki take farawa, kuma kafin ta bayyana a waje ta riga ta yi nisa. Ka fi mai da hankali ga wuraren da sifirin na baya ke maƙale, da kusa da tankin mai. Idan ramukan ƙanana ne, gwanin walda zai yanke ruɓaɓɓen wurin ya sa sabon ƙarfe mai kauri daidai da na asali. Kada ka yarda a lulluɓe tsatsa da faci, domin za ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashinsa.

Bayan shasi sai birki da tayoyi, tun kafin ka yi tunanin hawa titi. Man birki yana zuƙar danshi daga iska, danshin kuma yana sa tsatsa a cikin silindojin birki, don haka motar da ta daɗe a ajiye sai an zubar da tsohon man gaba ɗaya, an sauya tiyon roba da ya tsattsage. Idan ka buɗe gangar birkin baya, kada ka hure ƙurar da baki ko da iska, ka goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, domin tsofaffin takalman birki suna iya ƙunsar asbestos, wanda shaƙarsa ke lalata huhu. Tayoyi kuwa, kada zurfin zanensu ya ruɗe ka. A gefen kowace taya da aka yi daga shekarar 2000 zuwa yau akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2315 na nufin mako na 23 a 2015, kuma robar da ta tsufa tana iya fashewa ko da ba a taɓa morar ta ba.

Yanzu bari in zo kan inji, inda na fi samun darasi. Idan naka irin nawa ne, wato 22R mai silinda huɗu da girman lita 2.4, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1981, to ka dace da inji mai juriya da sauƙin fahimta. Kada dai ka yi gaggawar tayar da shi. Ka zubar da tsohon fetur, wanda kan zama ƙaro ya toshe ƙananan hanyoyin kafireta, ka sauya baƙin mai da matatarsa, ka cire fulogogi ka ɗiga ɗan mai a kowace silinda, sannan ka juya injin da sifana domin ka tabbatar bai cije ba. Bayan ya tashi ya yi ɗumi, ka auna matsin kowace silinda. Idan ɗaya ta gaza sauran sosai, ka zuba mata ɗan baƙin mai ka sake aunawa: idan matsin ya ƙaru, zobban fistin ne suka cinye, idan bai motsa ba, sai a tuhumi bawul ko gaskit ɗin kan inji. Wannan gwaji na rabin sa'a zai gaya maka ko injin na bukatar a sauke shi ko kuwa ɗan gyara ya ishe shi.

Raunin wannan inji yana ga sarƙar da ke haɗa juyin sandar ƙasan inji, wadda fistin ke juyawa, da na sandar da ke buɗe bawul, wato ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi. Daga 1983 aka koma amfani da sarƙa mai layi ɗaya, da majinginai na roba mai tauri waɗanda ke riƙe ta a kan hanyarta. Abin da ke ɗaure sarƙar kuma da matsin baƙin mai yake aiki, shi ya sa idan ta saki, da safe ne ake fara jin ta. Tawa ta yi watanni tana wata 'yar ƙara kamar ana jan sarƙa a kan kwano na daƙiƙa biyu ko uku duk lokacin da na tayar da ita, sai ta yi shiru, ni kuma na ɗauka tsufa ne kawai. Ashe majinginin ya karye tuntuni, sarƙar tana ta goga murfin alminiyon da ke gaban inji, har ta huda shi daidai inda ruwan lagireto ke wucewa. Ranar da na zaro sandar auna mai na ga ya koma fari-fari mai kauri, gabana ya faɗi, domin na san ruwa ya gauraya da mai, kuma da na ƙara tafiya a haka da ƙarafan cikin injin sun lalace. Aikin da zai ɗauke ni kwana biyu ya koma na mako biyar. Sai da na sauya murfin da sarƙar da dukan majinginan, na kuma sauke kaskon mai na tsince gutsattsarin robar da suka faɗa ciki, waɗanda ke iya toshe rariyar famfon mai. Ka cire murfin bawul ka haska tocila a kan sarƙar tun yanzu, ko da ba ka ji wata ƙara ba.

Idan ka tashi yin wannan aiki, ka tuna da abu biyu. Akwai wani ƙaramin noti a gaban kan injin da ke nutse cikin mai, wanda ke ɗaure murfin sarƙar daga sama, kuma mutane da yawa sun fasa murfin saboda sun yi ta ɓamɓararsa ba su san da notin ba. Na biyu, an yi wa injin babban sauyi a 1985, ta yadda kan inji da fistin da sarƙa da murfinta na kafin wannan shekara ba sa shiga na bayanta, alhali sunan injin bai sauya ba. Ka tabbatar da shekarar injinka kafin ka sayi kayan gyara, ka kuma lura cewa a tsohuwar mota ba lallai ba ne injin da ke ciki ya zama wanda ta fito da shi.

Saitin bawul aiki ne mai daɗi wanda nake so ka koya da kanka. Ana yin sa inji na da zafi, tazarar bawul na shigar mai milimita 0.20, na fitar hayaƙi kuma 0.30, kuma za ka ji bambancin a kunnenka nan take. Wayoyin lantarki ba zan tsawaita a kansu ba, illa in ce yawancin matsalolinsu tsatsa ce a mahaɗa da wayar da ke haɗa batir da bodi. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 a kashe, ya haura zuwa wajen 14 idan inji na aiki.

Wata ɗabi'a da ta cece ni sau da yawa ita ce ɗaukar hoto kafin in kwance komai, musamman siraran tiyon da ke kewaye da kafireta, waɗanda suke da yawa kuma duk kamarsu ɗaya. Ina zuba notunan kowane sashe a jakarsa daban in rubuta sunansa, ina kuma da littafin da nake rubuta kwanan wata da aikin da na yi. Mai yin wannan aiki don sha'awa yakan bar shi mako biyu ko uku kafin ya dawo, kuma abin da yake ganin ba zai manta ba shi ne farkon abin da ke ɓace masa. Haka nan ba na jefar da kayan asali sai na tabbatar ba sa gyaruwa, domin sau da yawa tsohuwar kafiretar da aka wanke aka sauya mata gaskit ta fi sabuwa ta jabu aiki nesa ba kusa ba.

Idan duk wannan ya kammala, sai mu yi maganar fenti, kuma ra'ayina shi ne ka mayar mata da launinta na asali, wanda lambarsa ke rubuce a ɗan farantin bayanan motar. Tawa har yanzu tana da wata 'yar lotsawa a ƙofar baya wadda na zaɓi in bari, domin mota ce da ta yi shekaru tana ɗaukar kaya, kuma ina son a ga alamar hakan a jikinta.

Ka aiko mini da hotunan shasin daga ƙasa, musamman wajen sifirin na baya, da hoton farantin bayanai, da na sarƙar bayan ka cire murfin bawul. Da zarar na gan su zan rubuto maka jerin kayan da ya kamata ka fara nema. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara.

Naka amini har kullum.