Rahoton Ayyukan Shekara: Nazarin Motsin Ƙwayoyi a Narkakken Abu Mai Zama Gilashi

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. Ga bayanin abin da ƙungiya ta gudanar a bana.

Zaman karatunmu na wata-wata ya karkata ne kan tambaya ɗaya: idan aka sanyaya narkakken abu har ƙasa da ma'aunin zafin da ya kamata ya daskare, bai kuwa daskare ba, yaya ƙwayoyinsa ke motsi? Mun fara da ƙa'idar Stokes da Einstein ta 1905, wadda ta ce gwargwadon kaurin ruwa, gwargwadon raguwar yaɗuwar ƙwayoyinsa. Ƙa'idar tana aiki lafiya lau sai an kusanci ma'aunin zama gilashi, wato matakin sanyin da narkakken abin ke ƙamewa ba tare da ƙwayoyinsa sun jeru cikin tsari ba, inda ƙwayoyin kan ɗauki kusan daƙiƙa 100 kafin su sauya zama. A nan take gazawa. A sinadarin ortho-terphenyl, mai zama gilashi a wajen digiri 243 a ma'aunin zafi na Kelvin, yaɗuwar ta ninka abin da ƙa'idar ta hango kusan sau 100.

Sashen kwaikwayon kwamfuta ne ya fito mana da dalilin a fili. Sun yi aiki da samfurin Kob da Andersen, wato gaurayen ƙwayoyi iri biyu, kashi 80 da kashi 20. Da suka bi ƙwaya ɗaya a allo, sai ga ta tana ta karkarwa a cikin kejin da maƙwabtanta suka yi mata, an daɗe ba ta je ko'ina ba. Kwatsam ta yi tsalle, wata ta faɗa gurbinta, wata ta biyo, a jere. Can gefe kuwa wani gungu ko gezau. Ashe masu saurin ne ke ja ragamar yaɗuwa, masu jinkirin kuma su ke riƙe da kauri. Tunda matsakaicin lissafi na ɓoye wannan bambanci, shi ya sa kwamitin ƙungiya ya yanke cewa daga yanzu ba za a karɓi sakamakon da matsakaicin lissafi kaɗai ya ƙunsa ba. Hukuncin ya yi daidai, ko da yake aikin zai ƙaru.

Muhawarar ko ra'ayin Adam da Gibbs na 1965, na cewa ƙwayoyin yanki guda tare suke sauya zama, ya isa bayanin wannan motsi, ta yi zafi, kuma ba a cimma matsaya ba.

Baɗi, in Allah Ya kai mu, za mu gwada dabarar musanya ƙwayoyi ta Monte Carlo, wato kwaikwayon kwamfuta inda ake zaɓo ƙwayoyi biyu ta hanyar ƙuri'a a musanya musu gurbi, domin kaiwa ga sanyin da kwamfutocinmu suka kasa. Waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba, a taimaka a ga ma'aji kafin babban taro.

Sakataren Ƙungiya