Kafin ka yanki tikitin zuwa gida

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, da fatan sanyin Luton bai takura muku ba. Nan Kano kowa lafiya lau. Na leƙa Hajiya ranar Juma'a, jiki da sauƙi, kuma tun da ta ji za ka kawo jikokinta hutun Disamba bakinta bai rufu ba.

Na ga hotunan farashin tikitin jirgin da ka turo. Don Allah kada ka biya tukuna. Lambar da ake nuna maka a shafin farko kamar kuɗin rago ce a kasuwar Wudil: la'adar dillali daban, kuɗin mota daban, sai ka iso ƙofar gida kake sanin nawa ya tsaya maka. Ku biyar ne, duk abin da ya ɓuya a tikiti ɗaya sau biyar za ka biya shi.

Ka nemi wurin da aka rarraba kuɗin dalla-dalla kafin shafin biya. Za ka ga asalin kuɗin kujera a sama, sau da yawa ɗan kaɗan ne har ya ba ka mamaki, sannan jerin haruffa bibbiyu a ƙasa, kowanne da kuɗi a gabansa. Wanda aka rubuta GB harajin gwamnatin Birtaniya ne a kan duk wanda ya tashi daga ƙasar, tun 1994 ake karɓarsa. A Afrilun 2025 an tsayar da shi fam 90 ga mai zuwa Najeriya a kujerar gama-gari, kuma kusan kowace shekara sai an ƙara. Yaran da ba su kai shekara 16 ba an yafe musu shi, amma a kujerar gama-garin kaɗai. Na ga ka yi alama a kan ajin nan na tsakiya mai ɗan faɗin ƙafa saboda bayanka. Da zarar kun hau shi harajin ya tashi, a farashin 2025 daga 90 ya koma 216, kuma yaran ma sai an biya musu cikakke. Idan bayan ne ya dame ka, ka sayi kujerar kusa da ƙofa kai kaɗai, ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne layin da aka rubuta YQ, wani lokaci YR. An jera shi cikin haraji, mutum ya ɗauka gwamnati ce ke karɓa, alhali aljihun kamfanin jirgin yake shiga. A 2004 kamfanoni irin su British Airways suka fara ɗora shi da sunan ƙarin kuɗin mai, lokacin da mai ya yi tsada. Mai ya sauka, kuɗin bai tafi ba, sai aka sauya masa suna ya koma kuɗin da kamfani ya ɗora. Har a 2007 an ci British Airways tara a Birtaniya da Amurka saboda haɗa baki da Virgin Atlantic wajen tsayar da wannan kuɗin. Virgin ta tsira ne don ita ta kai ƙarar. A doguwar tafiya yakan kai ɗaruruwan fam, wani lokaci ya fi asalin kuɗin kujerar. Amfanin raba shi gefe a wurinsu a fili yake. Makin nan da kake tarawa kana cewa za ka yanki tikitin kyauta da shi, asalin kuɗin kujera kawai yake biya, YQ da kuɗinka za ka biya. Kuma idan tafiya ta fasa a tikiti mai arha, harajin gwamnati kana da haƙƙin neman a dawo maka da shi tunda ba ka tashi ba, amma wannan galibi ya tafi ke nan. Ni a ganina rashin gaskiya ne, ko da doka ta ƙyale.

Ka tambaye ni ko ka turo kuɗi in yanka muku a nan da naira don ya fi sauƙi. Ba zai fi ba. Tafiyar da ta fara daga Ingila da fam ake yi mata farashi, a nan juya shi kawai za a yi zuwa naira, ga kuɗin ejan a kai. Mu da ke tashi daga nan ma mun sha wuya. Ka tuna lokacin da kuɗin kamfanonin waje suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce sun kai dala miliyan 850 a tsakiyar 2023? Emirates ta dakatar da zuwa a 2022, ba ta dawo ba sai Oktoban 2024. Sauran kuwa rufe mana azuzuwan arha suka yi. A cikin kujerun gama-garin nan akwai azuzuwa fiye da goma, kowanne da harafinsa da farashinsa, kujera iri ɗaya, abinci iri ɗaya. Idan aka rufe na ƙasa sai ka ga tikiti ya ninka ba tare da an ce an ƙara kuɗi ba. Sai da aka biya yawancin bashin, Air Peace kuma ta fara zuwa filin jirgin Gatwick na Landan daga Legas a Maris ɗin 2024, sannan farashi ya ɗan sassauto. Wannan tsarin azuzuwan ne ma ya sa neman kujera biyar a tare kan fi tsada: idan uku suka rage a ajin arha, duk ku biyar za a haura da ku na sama. Gwada neman biyu da uku ka gani, amma kowane yaro ya kasance tare da babba a tikitinsa.

Na ga kuma wanda ya tashi daga Manchester ya bi ta Landan zuwa Abuja ya fi wanda ya tashi daga Landan ɗin arha, ka ce sai ku saye shi ku hau a filin jirgin Heathrow na Landan. Kul! Idan ba ku hau zangon farko ba, kwamfuta za ta soke sauran gaba ɗaya, har da na komawa. Haka abin yake, jirgin da ba ya yada zango shi ake tsauwala wa kuɗi, saboda akwai masu biya.

Sai maganar kaya, wadda na san ita ce za ta fi shafar uwargida. An saba hanyar Najeriya akwati biyu ne masu kilo 23, amma yanzu akwai tikitin da ba shi da akwati ko ɗaya, sai jakar hannu, kuma shi ne yake fitowa a saman jeri. Kwanakin baya a filin jirgin Malam Aminu Kano na ga wata dattijuwa durƙushe gaban sikeli, ta zuge akwati tana fitar da ƙullin kuka da daddawa da turamen atamfa tana miƙa wa ɗanta, layi ya tsaya, idonta ya ciko. Tikitinta akwati ɗaya ya ba ta, ba wanda ya gaya mata, kuɗin na biyun kuwa a kanta ya fi abin da ke cikinsa daraja. Idan za ku ƙara akwati, ku saya ta intanet tun kafin ranar. Kilishi kuma kada ma a ɗauka lokacin komawa, ba a shiga Birtaniya da nama daga nan.

Shawarata ita ce ku yanki tikiti ɗaya har Kano, ko ta Doha, ko ta Addis Ababa, ko ta Alƙahira, ko da ya ɗara na Abuja kaɗan. Idan kuka sauka Abuja kuka sayi na cikin gida daban, kilon da za a ba ku bai kai na waje ba, sai kun biya awo. Ga hazon Disamba da ka sani, yakan hana jirgi sauka Kano yini guda. Ranar komawa in na gidan ya makara kuka rasa na Landan, babu ruwan kamfanin waje, tikiti biyu ne daban. In kuwa tikiti ɗaya ne, wuyansu ne su kai ku. Har ma idan jirgin da ya taso da ku daga Birtaniya ya isar da ku a makare da awa huɗu ko fiye, kuma laifinsu ne, doka ta ba kowane mutum diyyar fam 520.

Ka duba sunayen da kyau, harafi bayan harafi, yadda suke a fasfo. Na san naka Mohammed aka rubuta, na yaran kuma Muhammad, gyaran harafi ɗaya kan jawo caji, musamman in ta shafukan dillalai ka saya. Idan bambancinsu da shafin kamfanin jirgin bai taka kara ya karya ba, saya a wurin kamfanin.

Turo mini hoton shafin ƙarshe na guda biyu da suka fi kwanta maka, inda aka haɗa kaya da kujeru, mu duba tare a daren Asabar. Ka gaishe mini da uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka na Kano